Ɗigo Shida a Minti

Ranar Litinin jirgin fito bai tashi ba. Fasinjojin ƙarfe bakwai sun tsaya da kayansu a kan dakalin tasha har rana ta ɗaga, sannan suka watse. Wasu suka shiga kwalekwale, wasu suka koma gida. A ɗakin inji ruwa ya kai idon sawu. Famfo yana aiki tun asuba, amma abin da yake fitarwa shi ne abin da ke shigowa. Ruwan yana bin sandar farfela ne, ta inda ta huda bayan jirgin ta fita cikin kogi.

Mai jirgin mace ce, Sista ake ce mata, domin ta yi shekara goma sha shida a ɗakin tiyata kafin mahaifinta ya rasu ya bar mata jirgin, wata takwas ke nan. Matuƙin kuwa ƙanin mahaifin nata ne. Kowa a tashar Baffa yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Shekararsa ashirin da huɗu a kan sitiyarin nan. Tun ranar da aka sayi jirgin suka raba aiki shi da yayansa, shi sama, yayan ƙasa. Baffa ya san inda yashi ke taruwa a kogin da inda ruwa ke juyawa, amma ba ya sauka ɗakin inji sai in zai kira yayansa cin abinci. Da yayan ya mutu, ɗakin ya faɗo hannunsa haka nan.

Da safen nan Sista ta same shi a bakin tsani ta gaya masa abin da ke ranta. Mijinta ya daɗe yana cewa Baffa ya isa hutu, har ya samo wani matuƙi mai takardar shaida, yana jiran a kira shi. Ita ce ke ta jan ƙafa.

"Baffa, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "In makaniki ya buɗe ya ce kayan ne suka tsufa, magana ta ƙare. In ya ce hannun mutum ne ya yi ɓarnar, to ba ni da bakin da zan ƙara kare ka."

"To, Uwata," in ji Baffa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da wani suna ba.

Makanikin ya iso ƙarfe goma a kan keke, jakar kayan aikinsa ɗaure a baya da igiyar roba. Dattijo ne siriri, tabaraunsa ƙafa ɗaya gare shi, ɗayar zare ne. Sannu-Sannu ake masa laƙabi, kuma bai taɓa yin abin da zai sa a sauya masa ba. Ya jingine keken, ya gaisa da mai sayar da tikiti, ya tambayi lafiyar yaranta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya hau jirgin.

"Da jirgin nan zai nutse, ai da ka tarar da mu a ƙasan kogi muna jiranka," in ji Baffa.

"Da na zo da igiya doguwa," ya ce. "Direba, kai da ka ce ɗakin inji na masu baƙin farce ne, me ya kai ka?"

"Mutuwa ta kai ni."

"Allah ya jiƙansa. Ba ni makullin inji."

Ya karɓi makullin ya sa a aljihun rigarsa ya maƙale botin, sannan ya naɗe wando ya sauka tsanin. Sista ta bi shi da tocila. Wurin matsattse ne, bayan inji, ƙarƙashin katakon da fasinjoji ke takawa. Mutum ba ya miƙewa tsaye a can. Sandar farfela, mai kaurin damtsen yaro, ta fito daga inji ta ratsa wani kwanon tagulla mai babban noti a bakinsa, daga nan ta shige bututun da ke kai ta waje. A cikin kwanon ake cusa zoben igiya mai maiko, su rungume sandar su tare ruwa. Ta bakin notin ne ruwan ke tsiyaya kamar an bar famfon wanka a buɗe.

Sannu-Sannu bai taɓa komai ba tukuna. Ya durƙusa ya duba, ya shinshina, ya shafa gefunan notin da yatsa. Gefunan sun yi fari, sun lanƙwashe saboda yawan cizon sifana.

"Za a ja shi tudu?" ya tambaya.

"Akwai jirgin ɗaukar yashi a kan gangaren da ake jan jirage, ana masa walda," in ji Sista. "Sun ce sai bayan sati uku."

"To a ruwa za mu yi. Amma in na cire igiyar nan babu abin da zai tsaya tsakaninki da kogi. Sai wani ya shiga ƙasa ya naɗe bakin bututun ta waje."

Ya zaro tsohon tib na tayar mota daga jaka, ya yanka shi dogayen tsiri da almakashi, ya shafe su da giris. Baffa ya riga ya cire rigarsa.

"A nemo mai ninƙaya," in ji Sista. "Baffa, shekararka hamsin da tara."

"Ruwan nan ba a ganin tafin hannu a cikinsa, Uwata. Wanda bai san bayan jirgin nan ba, numfashinsa zai ƙare yana lalube. Sau nawa na kwance ragar masunta daga farfelar nan?"

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka ba mai tikiti ɗayan bakin ta riƙe. Sannu-Sannu ya ce in ya gama ya buga jikin jirgi sau biyu. Baffa ya rataya tsirin robar a wuya ya zame cikin ruwa ba tare da ƙara ba. Sau uku yana nutsewa yana fitowa shan iska. A na uku, daga cikin ɗakin inji suka ga tsiyayar ta ragu, ta koma zare, ta koma ɗigo. Sai bugu biyu suka zo ta ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Tsohon nan akwai huhu," in ji Sannu-Sannu. "Kada ki gaya masa na faɗa."

Ya shimfiɗa farin buhu a kan akwatin batir ya jera kayansa: sifana biyu, reza, ƙugiyar waya da ya lanƙwasa da kansa, guntun bututun roba da aka tsaga biyu, ƙaramin madubi, da naɗin sabuwar igiya. Sista ta kalli jerin. Ba wanda ya ce mata, ta matso kusa da buhun, ta fara miƙa masa abin da hannunsa ya nufa kafin ya tambaya.

Notin ya ƙi kwantuwa. Sai da ya zura bututu a bakin sifana ya ƙara mata tsawo sannan ya motsa. Ya ja shi gaba a kan sandar, ya sa ƙugiyar ya fara ciro tsohuwar igiya. Ba ta fito kamar igiya ba. Baƙa ce ƙirin, ta bushe ta ƙandare, tana ɓarewa kamar gawayi. Duk guntun da ya fito sai ya ajiye shi a kan buhun ya haɗa shi da ɗan'uwansa har ya zama zobe. Zobe biyu suka cika. Na uku ya rage kamar tsawon gaɓar yatsa.

Ya shafe fiye da rabin awa yana neman guntun nan. Baffa ya sauko jiƙe, tawul a kafaɗa, ya tsuguna a ƙasan tsani.

"Ɗan guntun nan ne zai hana mu tafiya?" ya ce.

"Uku aka sa, uku za su fito. In na bar shi a ciki, sabuwar a kan tudu za ta zauna."

"Mu ma ba ma ɗinke mutum sai an ƙirga auduga," in ji Sista. Ta karkata tocilar ta yadda hasken ya faɗa kan madubin. "Ga shi can, Baba, ta ƙasa, wajen hagu."

Ya ciro shi, ya cike zoben. Sannan ya goge sandar da tsumma, ya zura yatsa cikin kwanon ya bi jikinta a hankali, idanunsa a rufe. Ya kama hannun Sista ya ɗora farcenta a wurin. Ta ji ramin da ya zagaye ƙarfen, mai kaushi, faɗinsa ya kai yatsa ɗaya da rabi.

"Tsufa ne?" ta tambaya.

Sannu-Sannu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Shekara talatin yana shan shayi da Baffa a benci ɗaya, kuma mai tikiti ta riga ta raɗa masa sharaɗin da aka gindaya.

"Ba tsufa ba ne," ya ce. "Ɗauri ne. An yi ta matse notin nan har igiyar ta ƙone, da ta ƙone ta koma cin ƙarfe. Hannu ne."

"Nawa ne," in ji Baffa. "Kullum da safe nakan ƙara masa kaɗan."

Sista ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta kashe tocilar, ta sake kunnawa.

"Sandar fa?"

"Sabuwar igiya a kan ramin nan kwana uku za ta yi. Sabuwar sanda kuma sai an aiko da ita, wata biyu in an yi sa'a." Ya mayar da tabaraun, ya tsura wa sandar ido, ba cikin kwanon ba, gabansa, inda ƙarfen yake sumul yana ƙyalli. Ya auna wurin da yatsunsa. Ya ja jiki zuwa inda sandar ta haɗu da inji, inda faifai biyu na ƙarfe suka manne da ƙusoshi shida, ya auna nan ma.

"Direba, tsakanin farfela da allon da ke juya jirgi, fili nawa ne?"

"Hannuna yana shiga a kwance, har da saura."

"Ba na aiki da har da saura. Ungo." Ya ba shi guntun kara da wuƙa. "Dafa shi a tsakani ka yi masa tsaga. In akwai yatsa huɗu, zan tura sandar baya yatsa biyu, in sa faifai a nan ya cike gurbin. Ramin ya shige cikin bututu inda ba ruwan kowa da shi, lafiyayyen ƙarfe ya shigo ƙarƙashin igiya."

Baffa ya karɓi karan ya miƙe. Sista ta ce, "Baffa, ba dole ba ne yanzu."

"Jirgin yayana ne, Uwata," ya ce, ya hau tsanin.

Karan ya dawo da tsaga a yatsa biyar. Sannu-Sannu ya zazzage wata ƙaramar jaka da ke cike da fayafayan da ya ciro daga matattun jirage, ya gwada huɗu, na biyar ya dace da ramukan ƙusa. Sauran matsala ɗaya ce, ya kuma faɗe ta a fili: in sandar ta ja baya, za ta ja robar da ke waje ta bar bakin bututun a buɗe, ga shi kwanon babu komai a ciki. Dole Baffa ya kasance a ƙasa lokacin, ya mayar da robar da hannu.

Sannu-Sannu ya cusa tsumma mai giris a bakin kwanon ya ce Sista ta danne da hannu biyu, kada ta saki ko me ta ji. Ya kwance ƙusoshin shida ya jera su. Da bugu ɗaya ya zo daga ƙasa, alamar Baffa ya isa, ya sa ƙarfe tsakanin faifan biyu ya banƙara. Sandar ta yi nishi ta matsa. Ruwa ya feso ta gefen tsumman, mai sanyi, ya jiƙa Sista daga haɓa har gwiwa. Ba ta saki ba. Bakinta yana motsi, tana ƙirga daƙiƙu kamar yadda ta saba yi wa marar lafiya. Ta kai hamsin, ta kai sittin. A saba'in da huɗu feshin ya karye, bugu biyu suka biyo baya. Daga sama suka ji muryar mai tikiti tana cewa ya fito, yana tari amma yana zagin kogin.

"In yana zagi lafiyarsa ƙalau," in ji Sannu-Sannu.

Ya sa faifan, ya ɗaure da dogayen ƙusoshi, yana tsallake ɗaya yana ɗaure na gabansa, yana zagayawa har suka yi daidai. Sannan ya koma kan igiya. Ya naɗa ta a jikin sandar ya yanka da reza a karkace, don bakin biyu su hau juna. Ya yanka uku. Ya tura na farko da tsagaggen bututun har ya ji ya zauna, mahaɗarsa tana sama. Na biyu ya juya mahaɗarsa ƙasa ta dama, na uku ƙasa ta hagu, don kada ruwa ya sami hanya miƙaƙƙiya. Ya mayar da notin ya ɗaure da hannunsa kawai, ya ajiye sifanar can gefe. Baffa ya sake nutsewa sau ɗaya ya kwance robar. La'asar ta kusa lokacin da makullin ya fito daga aljihu.

Suka fita gwaji ba fasinja. Baffa yana sama a kan sitiyari, su biyu suna ƙasa. Famfo ya kwashe ruwan ɗakin, katako ya fara bayyana. Sannu-Sannu ya kwanta a gefensa, tafin hannunsa a kan kwanon tagulla, yana kallon agogo. Bayan minti goma ya ɗauki sifana ya taɓa notin, motsin da ido da ƙyar ya gani, ya sake ajiyewa. Daga ƙasan notin ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗi. Wani ya fara taruwa.

"Har yanzu yana ɗiga," in ji Sista, tana ɗaga murya saboda ƙarar inji. "Ƙara masa, Baba."

Ya juyo ya kalle ta ta saman tabarau.

"In ƙara masa?"

"Ai bai bushe ba."

"Ba zai bushe ba. Ba a so ya bushe. Kawo hannunki." Ya ɗora tafinta a kan kwanon. "Me kika ji?"

"Ɗumi kaɗan."

"Ruwan nan da kike gani shi ke sanyaya shi. Shida a minti in yana tafiya, in ya tsaya ko ɗaya ko babu. Ranar da ya daina ɗiga, ranar ya fara cin kansa. Mahaifinki yana da wani gwangwanin madara a nan ƙasa da ke tarar ɗigon, kullum da yamma yakan zubar. Ina yake?"

Sista ta kalli ƙasan notin. Hannunta yana kan kwanon.

"Ni na jefar da shi," ta ce. "Satin da na karɓi jirgin. Na ɗauka ƙazanta ce." Ta janye hannunta. "Na ce wa Baffa ba na son in sake ganin ɗigon ruwa a ɗakin nan. Duk Litinin nakan sauko da farin tsumma in goga ƙarƙashinsa in duba."

Sannu-Sannu ya mayar da idonsa kan agogo. "Huɗu," ya ce. "Biyar."

Ta hau tsanin. Baffa yana tsaye, rigarsa a manne da jikinsa, hannu ɗaya a kan sitiyari, yana kallon wani wuri a kan ruwa da ita ba ta ga bambancinsa da sauran ba. Ya karkata jirgin kaɗan ya kauce masa.

"Baffa, me ya sa ba ka ce ni na sa ka ba?"

"An tambayi hannu ne, Uwata. Ba a tambayi baki ba."

"Ka san ana son ya ɗiga?"

"Da na sani da na yi miki gardama. Shekara ashirin da huɗu ina taka kan mahaifinki, ban taɓa tambayarsa gwangwanin na mene ne ba. Nawa laifin yana nan."

Ta zauna a bencin fasinja na gaba, ta ciro waya daga jaka, ta goge ta da gefen mayafinta da bai jiƙe ba. Mijinta ya ɗauka a bugu na biyu. Ta gaya masa an gyara, ba sai an sayi sanda ba. Ya tambayi abin da makaniki ya ce.

"Ya ce hannu ne," ta ce. "Na kuma gano na wa. Ka ba mutumin naka haƙuri, ka ce masa babu gurbi." Ta saurara na ɗan lokaci. "A'a. In na dawo zan yi maka bayani."

Baffa bai juyo ba. Ya rage wuta, ya kawo jirgin dakalin tasha a gicciye yadda ruwa ke so, gefensa ya taɓa tayoyin da aka rataya ba tare da ko girgiza ba. Mutane sun fara taruwa, an ji ƙarar inji. Mai tikiti ta leƙo ta tambaya ko ta buɗe tagar sayar da tikiti.

"Buɗe," in ji Sista. "Akwai na ƙarfe biyar."

Sannu-Sannu ya fito daga ƙasa yana naɗe buhunsa. Ya ce zai dawo bayan kwana uku ya duba, kuma kafin nan duk wanda hannunsa ya yi ƙaiƙayi ya sa shi a aljihu.

"Da wa kake?" in ji Baffa.

"Da dangin gaba ɗaya."

Sista ta ce za ta zo ranar, tana so ta ga yadda ake taɓa notin. Baffa ya ce shi ma zai sauko, in dai ba za a kwana ana neman guntun igiya ba. Ya karɓi busasshiyar riga daga hannun mai tikiti, ya sa, ya koma kan sitiyari yana jiran a gama lodi.